Ana Zaton Wuta a Maƙera: Tarihin Nukiliya daga Sahara zuwa Samaru

A ranar 13 ga Fabrairun 1960, ana tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Masu mulki a Paris sun ɗauka cewa hamada fili ne da babu kowa, duk abin da aka yi a cikinta a nan zai tsaya. Duk wanda ya taɓa share ƙurar hunturu daga kan tabarmarsa a Zariya ko Katsina ya san ba haka ba ne. Iskar da ke busar mana da leɓe daga can take tasowa, kuma ba ta neman izinin kowa a kan iyaka.

Jaridun Legas da na Accra sun yi ta kururuwa tun kafin gwajin. A ƙarshen 1959 wasu masu zanga-zanga suka tashi daga Gana da niyyar shiga filin gwajin da ƙafafunsu, jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Amsar Faransa ita ce babu haɗari, tsoro ne kawai na waɗanda ba su san kimiyya ba. Sai a 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojin Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna burbushin wancan bam ya bazu cikin kwanaki kaɗan a kan Afirka ta Yamma, har ya kai kudancin Turai. Ashe masu tsoron ba jahilci ke damun su ba.

Faransa ta sake gwaji a Afrilu, ta kuma yi na uku a ranar 27 ga Disamba, Najeriya na da wata uku da samun 'yanci. A ranar 5 ga Janairun 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya bar ƙasar, ta kuma rufe tashoshinta ga jiragen sama da na ruwa na Faransa. Mutumin da ake zargi da sanyin hali da biyayya ga Turawa shi ne ya yi abin da Nkrumah ma bai yi ba. Ina ganin wannan mataki a matsayin abin alfahari har yau, amma tarihi ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. An yi zaton sauran ƙasashen Afirka za su bi sahu. Babu wadda ta bi. An yi zaton Faransa za ta ji a jikinta. Waɗanda suka fi ji su ne maƙwabta irin su Nijar da Chadi, masu dogaro da hanyoyin Najeriya wajen fitar da kayansu, kamar gyaɗar Maraɗi da Damagaram da ke bi ta jirgin ƙasan Kano zuwa teku. Bayan 'yan watanni aka sassauta takunkumin jiragen. Faransa kuwa ta yi gwaji na huɗu a Afrilun 1961, sannan ta koma ƙarƙashin duwatsun In Ekker ta yi wasu 13, har zuwa 1966. Shi kuma Offroy, da yaƙin basasa ya ɓarke, yana cikin 'yan majalisar Faransa da suka fi fafutukar goyon bayan Biyafara.

Da fushi bai biya buƙata ba, Najeriya ta koma teburin shawara. Ta shiga kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamara a Geneva tun 1962. A 1964 ta zama mamba a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, a shekarar da shugabannin Afirka suka yi sanarwar Alƙahira cewa nahiyar ba ta son makamin nukiliya a cikinta, kuma a shekarar da aka kafa sashen auna burbushin nukiliya a Jami'ar Ibadan saboda tsoron da gwaje-gwajen Sahara suka bari. Da aka buɗe yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a ranar 1 ga Yulin 1968, Najeriya ta sa hannu a ranar, tana tsakiyar yaƙi, ta kuma tabbatar da ita a watan Satumba, cikin ƙasashen farko a duniya. Cinikin a bayyane yake: ƙananan ƙasashe sun yi alkawarin ba za su nemi bam ba, manya sun yi alkawarin za su taimaka musu da ilimin nukiliya na zaman lafiya, kuma za su kama hanyar rabuwa da nasu makaman.

Ba a yi shekara goma ba wasu suka fara da-na-sani, kuma dalilin shi ne Afirka ta Kudu. A 1976 Faransa ta amince ta gina wa gwamnatin wariyar launin fata tashar Koeberg. A Agustan 1977 tauraron ɗan'adam na Tarayyar Sobiyat ya hango ramukan gwaji a hamadar Kalahari, Moscow ta sanar da Washington, abokan gaba biyu suka haɗu suka matsa wa Pretoria lamba ta fasa. A ranar 22 ga Satumban 1979 wani tauraron Amurka ya ga walƙiya biyu a kan tekun kudu, irin wadda bam ke yi, kuma har yau ana jayayya a kan ko na waye. A wannan yanayi ne gwamnatin Janar Obasanjo ta yi doka ta 46 ta 1976, wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, aka kuma ware jami'o'i biyu su horar da masana: ta Ife da ta Ahmadu Bello. Asalin Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, wadda ake kira CERT, ke nan a yankin Samaru na Zariya.

Maganar da ake yi a lokacin ba ta taki ko ƙasar noma ba ce. A laccocinsa na gidan rediyon BBC a 1979, Farfesa Ali Mazrui ya ce ya kamata Najeriya ta mallaki bam, wai sai makamin ya shiga hannun waɗanda manya ba su yarda da su ba kafin kowa ya yarda a hallaka shi baki ɗaya. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar Samaru daga 1975 zuwa 1978, da ya zama ministan tsaro a gwamnatin Shagari ya nuna cewa muddin masu wariya na da wannan ƙarfi, Najeriya ma dole ta neme shi. A 1987 ministan harkokin waje Bolaji Akinyemi ya sake tayar da zancen bam na baƙar fata. Waɗannan ba mutanen banza ba ne, kuma ba za a zarge su da rashin kishi ba. Lissafinsu ya tsaya a kan ginshiƙai biyu: cewa mulkin wariya ba zai faɗi ba sai an tsorata shi da makami irin nasa, da cewa kuɗin mai zai ci gaba da kwarara har a gina abin da ake so.

Duka biyun suka rushe. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsuke bakin aljihu ya zo, malaman jami'a da aka tura ƙasashen waje koyon ilimin nukiliya suka dawo suka tarar ko kuɗin sinadaran ɗakin gwaji babu. Hukumar da aka kafa a 1976 ta zauna a takarda shekara talatin, sai a 2006 aka farfaɗo da ita. Mulkin wariya kuwa ya faɗi ta hanyar gwagwarmayar mutanen ƙasar, da takunkumi, da ƙarewar yaƙin cacar baka. A ranar 24 ga Maris ɗin 1993 Shugaba de Klerk ya shaida wa majalisa cewa ƙasarsa ta ƙera bama-bamai shida kuma ta wargaza su. Bama-baman nan shida ba su kare gwamnatin da ta ƙera su daga Soweto ba. Abin da Najeriya ta bayar a ƙarshen wannan babi ba makami ba ne, mutum ne: Jakada Oluyemi Adeniji shi ya jagoranci ƙwararrun da suka tsara yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makamin nukiliya a Afirka. An sa mata hannu a Alƙahira a ranar 11 ga Afrilun 1996, ta fara aiki a 2009.

A shekarar 1996 ɗin ne, Janar Abacha na mulki, an riga an dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Najeriya da Sin da IAEA don kawo wata ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike Zariya. Sin ta riga ta sayar da irinta ga Pakistan da Iran da Siriya da Gana. Ginin ya ɗauki lokaci, kuma ba a kawo makamashin ba sai da hukumar sa ido ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki a 2001 ƙarƙashin Farfesa Shamsideen Elegba, wanda shi ma daga cibiyar Zariya ya fito. A ranar 3 ga Fabrairun 2004 tukunyar, mai suna NIRR-1, ta kama aiki.

Mutane da yawa a unguwannin Zariya irin su Muchiya da Chikaji da Hanwa sun ji labarin cewa akwai nukiliya a Samaru, wasu na zaton wuta za ta ba gari, wasu na zaton makami ake haɗawa. Ba ɗaya daga ciki. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, kuma zafi ne kawai da ruwa ke shanyewa, ba lantarki ba. Zuciyarta, inda makamashin yake, ba ta fi ƙaramin bokiti ba, tana nutse a ƙasan rijiyar ruwa mai zurfi. Aikinta awo ne. Ana tura ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi ko maganin gargajiya ta cikin bututu, ƙwayoyin nutron su buge shi, kowane sinadari da ke ciki ya fitar da alamar da ake gane shi da ita. Ta haka ake sanin ko akwai zinare a dutse, ko gubar ƙarfe a abinci, ko abin da ƙasar gona ta rasa. Ga gari mai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wannan kayan aiki ne da ya dace da wurinsa. An kuma ƙera ta yadda in ruwan ya yi zafi, aikin nata yake ja baya da kansa.

Sai dai makamashin da aka fara sa mata yuraniyam ne da aka tace zuwa kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake bam da shi, kimanin kilo ɗaya. A ma'aunin IAEA sai an tara kilo 25 na irinsa kafin a ce ya isa bam guda. Duk da haka lokacin da tukunyar ta zo lokaci ne na zargi. Kwana ɗaya bayan ta kama aiki, masanin nukiliya Abdul Qadeer Khan ya fito a talabijin ɗin Pakistan ya amsa cewa ya sayar da sirrin nukiliya ga wasu ƙasashe. A watan Janairun shekarar an ji daga ofishin mataimakin shugaban ƙasa cewa Koriya ta Arewa ta yi tayin fasahar makamai masu linzami. A watan Maris ma'aikatar tsaro ta fitar da sanarwa cewa wani babban hafsan Pakistan ya yi tayin taimakon nukiliya, sannan ta janye ta ce kuskuren rubutu ne. Shekara guda kafin nan an kai Iraƙi yaƙi, kuma cikin hujjojin akwai zancen cewa Saddam ya nemi yuraniyam a Nijar, alhali shugaban IAEA na lokacin, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu a ranar 7 ga Maris ɗin 2003 cewa takardun jabu ne. Ƙasar Hausa ta shiga lissafin manyan ƙasashe ta ƙofar tuhuma, kuma tuhumar a kan gwamnatoci take: wace ce za ta sayar, wace ce za ta saya.

Nan ne karin maganar ta cika, wuta ta tashi a masaƙa. Babu gwamnatin Najeriya da ta taɓa karkatar da gram ɗaya na makamashin Samaru. Masu binciken IAEA suna zuwa suna dubawa. Abin da ya canja shi ne ƙasar da ke kewaye da katangar. A ranar 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bama-bamai a majami'u a Sabon Gari da Wusasa. A ranar 23 ga Mayun 2013 'yan bindiga suka kai hari da mota mai bam a ma'adinar yuraniyam ta Arlit da barikin Agadez. A ranar 7 ga Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, cikin ma'aikatan da suka yi layin tantancewa, mutum fiye da ashirin suka rasu. Waɗannan wurare duk tafiyar ɗan acaɓa ce daga Muchiya, ban da Arlit da Agadez. Sai tambayar ta juya daga abin da gwamnati za ta yi da makamashin zuwa ko gwamnati za ta iya tsaron sa.

Yana da kyau a tuna daga ina wani sashe na wannan wuta ya zo. A Disamban 2003 Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya, aka yi ta yabon abin a matsayin babbar nasarar diflomasiyya. A 2011 gwamnatinsa ta faɗi da taimakon jiragen NATO, rumbunan bindigoginsa suka buɗe, makaman suka malalo Mali da Nijar da tafkin Chadi. An kwashe injinan tace yuraniyam cikin tsanaki a jiragen sama da na ruwa, an bar Kalashnikov ga duk mai mota. Mu a nan, na biyun ne ya kashe mu.

Maganin da aka samo wa Samaru ya fi wannan hankali, kuma ya ɗauki fiye da shekara goma. Tun 2006 IAEA ta haɗa ƙasashen da ke da irin wannan tukunya don a gano ko za ta yi aiki da makamashin da bai kai na bam ba. Masanan Zariya sun yi nasu lissafin tare da na Sin da na cibiyar Argonne ta Amurka, aka tsaya a kan yuraniyam mai kashi 13, wanda aka cusa shi da yawa don ya rama raunin tacewar. Goodluck Jonathan ya halarci taron ƙoli kan tsaron nukiliya a Washington a 2010, Muhammadu Buhari ya halarci na ƙarshe a 2016. Sin ta fara sauya tata a 2016, Gana ta bi a 2017, aka kuma kafa wurin atisaye a can inda ma'aikatan Zariya suka koyi yadda ake ciro tsohuwar zuciya a sa ta a mazubi.

A watan Oktoban 2018 tawagar ƙwararru daga Amurka da Birtaniya da Norway da Sin, da 'yan kwangila daga Rasha da Czech, ta taru a Gana tana shirin tahowa. A daidai kwanakin ne rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, mutum 55 suka mutu, ya bazu zuwa cikin Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa dokar hana fita. Aka jinkirta. A ranar 23 ga wata suka shigo, suka yi cikin yini guda aikin da aka saba yi a kwanaki, a lokacin Farfesa Yusuf Aminu Ahmed na shugabantar cibiyar. A watan Nuwamba tukunyar ta koma aiki da sabon makamashi. A farkon Disamba sojoji suka raka tsohon zuwa filin jirgin saman Kaduna, aka sa shi a mazubi mai nauyin tan 30 don kilo ɗaya, jirgin Antonov ya kai shi Sin. Daga ranar babu sauran tukunyar bincike a Afirka da ke aiki da yuraniyam irin na bam.

Wannan ya faru ne a shekarar da Amurka da Sin suka fara yaƙin haraji, kuma Birtaniya ta kori jami'an diflomasiyyar Rasha saboda gubar Salisbury. Masu cewa manyan ƙasashe ba sa haɗa kai sai sun shirya a komai, Samaru ta ƙaryata su, kamar yadda Kalahari ta yi a 1977. Masu cewa ƙasa irin tamu ba za ta iya riƙe irin wannan amana ba, su ma ta ƙaryata su: shekara 14 makamashin yana hannun 'yan ƙasa, a jami'ar da yajin aiki da ƙarancin kuɗi ba su bar ta ta huta ba, aka mayar da shi cif. Cire shi daidai ne, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci a san su fiye da yadda aka san su. Abin da ke ci mini rai shi ne mizanin. Ƙasashe shida sun haɗu saboda kilo ɗaya da bai isa bam ba, mutum 55 da mutuwarsu ta jinkirta aikin kuwa sun shiga labarin ne a matsayin matsalar jadawali. A watan Maris ɗin 2022 'yan bindiga sun kai hari a wannan filin jirgin na Kaduna, bayan kwana biyu suka tare jirgin ƙasan Abuja. An raba yankin da yuraniyam, ba a raba shi da abin da ya sa ake tsoron barin yuraniyam a cikinsa ba.

A teburin mai shayi a Sabon Gari za ka ji matasa masu karatu suna cewa da Gaddafi ya riƙe shirinsa da ba a taɓa shi ba, da Yukiren ba ta miƙa makaman da ta gada a 1994 ba da Rasha ba ta shige ta ba, ga Koriya ta Arewa nan ba mai ɗaga mata yatsa. Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba, kuma laifin ƙarfinta yana wuyan ƙasashen da suka yi alkawari a 1968, aka tsawaita musu yarjejeniyar har abada a 1995, suka ci gaba da sabunta makamansu. Wannan ne ya sa Najeriya ta shiga cikin 'yan ƙasashen da suka jagoranci yarjejeniyar haramta makaman nukiliya baki ɗaya a 2017, ta tabbatar da ita a ranar 6 ga Agustan 2020, ranar da harin Hiroshima ya cika shekara 75. Amma ga masu son bam a nan, tambayata ita ce a kan wa za a jefa shi. Pakistan tana da shi tun 1998, bai hana a kashe yara fiye da 130 a makarantar Peshawar a 2014 ba. Wanda ya tare hanyar Birnin Gwari ba shi da babban birnin da za a yi wa barazana.

Yanzu wani sabon zato ya shigo, cewa duk wanda ya rabu da Faransa ya kama Rasha ya sami 'yancin nukiliya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijar ta ƙwace lasisin ma'adinar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a 2024, ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyam na Somaïr mallakin ƙasa a 2025. Koken Nijar na gaskiya ne: tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit yana haskaka biranen Faransa, yawancin 'yan ƙasar ba su da lantarki, an kuma bar musu tulin dusar ma'adinai bayan rufe ma'adinar Cominak a 2021. Najeriya ita ma ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan tashoshin lantarki, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, har yau ba a aza tubali ba. Kowace tasha irin waɗannan za ta ninka tukunyar Samaru sau dubbai masu yawa, kuma za ta buƙaci hukumar sa ido da ba ta tsoron minista, da hanyar da za a bi da makamashi ba tare da dokar hana fita ba, da maƙwabtan da ke magana da juna. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, alhali iyakar Jibiya da Maraɗi tana nan a buɗe ga duk abin da mota za ta ɗauka, har da ƙananan na'urori masu sinadarin nukiliya da asibitoci da kamfanonin mai ke amfani da su, waɗanda wasunsu sun taɓa ɓacewa a yankin Neja Delta a 2002 aka tsince su cikin tarkacen ƙarfe a Jamus. Masanan da za su iya gano irin wannan kaya, su horar da jami'an kwastan na ɓangarorin biyu, da yawansu a Samaru suka yi karatu, kuma ya kamata gwamnatocin Abuja da Yamai su ba su wannan aiki ko da shugabanninsu ba sa ga maciji.